Daga hatimin Shehu zuwa bulokcen: wa zai shaidi takardarka?

1/ Bara rigimar gona ta tashi a danginmu, can wajen Sule Tankarkar. Ɓangare biyu, kowa da hoton takardar ciniki a wayarsa, kwanan wata ya sha bamban. Ta asalin kuwa gara ta cinye. Tun lokacin nake bin tarihin tambaya ɗaya: ta yaya ake gane wace takarda ce ta riga wata? Ku biyo ni.

2/ Matsalar tsohuwa ce. Masarautar Gumel ta kafu wajajen 1750, kuma Borno take bi, ba Sakkwato ba. Wasiƙa daga Kukawa tafiyar kwanaki ce. Me zai hana wani ya rubuta tasa a hanya ya ce ta Shehu ce? Hatimi. Ana buga shi a saman wasiƙa, ga kuma manzo wanda fada ta san fuskarsa.

3/ Talaka ba shi da hatimi, shaidu gare shi. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka gani: sa ya taso daga Nijar, ya canza hannu, dillali ya tsaya, mutane sun gani. Ko da Turawa suka zo a 1903 aka koma rasit da dangwale, idon jama'a bai daina aiki ba.

4/ Takarda aƙalla tana tsufa, kankare kuma yana barin tabo. Fayil fa? Ka canza kwanan wata a wayarka, ka gyara adadi, babu alama ko ɗaya.

5/ A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, wasu masu bincike biyu a Amurka, Stuart Haber da Scott Stornetta, suka wallafa mafita. A lissafa wa kowane fayil wata gajeriyar lamba da ake kira hash, kamar dangwalen yatsarsa. Ka taɓa harafi ɗaya, lambar ta canza gaba ɗaya.

6/ Sai a ɗaure lambar kowace takarda da ta wadda ta gabace ta, kamar sarƙa. Mai son cusa takardar bogi a baya sai ya sake duk abin da ya biyo bayanta.

7/ To idan mai riƙe da rajistar ne maƙaryacin fa? Kamfaninsu, Surety, ya fara buga lambar sarƙar duk mako a jaridar New York Times tun 1995. Wa zai bi gida-gida ya gyara jaridu? Wallahi dabarar Maigatari ce: a yi abu a gaban mutane da yawa.

8/ A 2008 Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar Bitcoin. Cikin madogara 8 da ya kawo, 3 aikin su Haber ne. Ya maye gurbin jarida da dubban kwamfutoci, kowace da kwafin rajista. Bulokcen ke nan. Kun ga asalinsa maganar shaida ce, kuɗi daga baya suka shigo.

9/ A gida kuma, Dokar Shaida ta 2011 ta karɓi hujjar kwamfuta a sashe na 84, da sa hannu na lantarki a sashe na 93. A Mayun 2023 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen.

10/ Amma kar a ruɗe ku. Abu biyu kawai yake tabbatarwa: fayil ɗin yana nan a lokaci kaza, kuma ba a taɓa shi ba tun daga nan. Bai san mai gona ba. Maƙaryaci ya riga ka shigar da tasa, ƙaryar ce za ta samu hatimi.

11/ Tamu rigimar, dattawa biyu da aka yi cinikin a gabansu ne suka kashe ta a gaban mai gari. Ɗayansu ya rasu bana, Allah Ya jiƙansa.

12/ Don haka in ka je gida hutu, ka nemi takardun gonarku, ka ɗauki hotonsu, ka tura wa 'yan uwa da yawa, ka rubuta sunayen shaidu tun suna raye. A gidanku, wa ke riƙe da takardun?