Tobogan: Jakin Mutanen Ƙanƙara

Mai karatu, yau tarihin wani katako zan ba ka. Tun kafin Turawa su shiga Kanada, 'yan asalin ƙasar irin su Kiri da Innu suke da shi. Siraran alluna ne ɗaure da tsirkiya, gabansu a lanƙwashe, ƙasansu sumul don kada su nutse cikin dusar ƙanƙara. A kansa mafarauci ke jawo nama gida, shi ne jakinsu. Sunan tobogan ma daga harsunan 'yan ƙasar ya fito.

Mai jan kaya kauce wa tudu yake yi. Da abin ya shiga hannun Turawa sai ya koma wasa, suka bazama neman tudu don su sulalo. A 1884 aka gina wurin sulu a birnin Kebek, har yau ana hawa. Hanyar Cresta ta Suwizalan kuwa, da aka buɗe a 1885, daskararriyar ƙanƙara ce, sai mai ƙafafun ƙarfe.

Ni dai a ganina, duk mai yabon tudu ya kamata ya tuna waɗanda suka sassaƙa katakon don kada iyalinsu su kwana da yunwa.