Tafiyar Nahiyoyi: Tarihin Ra'ayin da Masana Suka Ƙi Har Shekara Hamsin

Duk wanda ya tsaya ya dubi taswirar duniya da kyau, zai lura cewa ƙusumbin ƙasar Burazil da ya turo cikin Tekun Atlantika ya yi daidai da lungun nan na Afirka ta Yamma inda Nijeriya da Kamaru suke, kamar dai ƙwarya ce ta fashe aka raba sakainunta. Wannan abu ba a daɗe da fara zana taswira mai inganci ba aka gan shi. Tun a shekarar 1596 wani mai zanen taswira, Abraham Ortelius, ya rubuta cewa da alama Amurka tsagewa ta yi daga jikin Turai da Afirka. Amma hange ba hujja ba ne, don haka maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari uku.

A ƙarshen ƙarni na 19 ra'ayin da ya fi ƙarfi tsakanin masana duwatsu shi ne duniya tana hucewa ne tana ƙanƙancewa, fatarta na yamushewa kamar ta lemon da ya kwana biyu a rana, waɗannan tamoji kuwa su ne tsaunuka. Nahiyoyi dai suna nan inda aka halicce su. In kuwa an sami burbushin wata dabba ko tsiro iri ɗaya a ɓangarori biyu na teku, sai a ce ai da can akwai wata doguwar tsandaurin ƙasa da ta haɗa su, daga baya ta nutse.

Mutumin da ya fito ya ƙalubalanci wannan ra'ayi ba ma masanin duwatsu ba ne. Alfred Wegener Bajamushe ne, an haife shi a Berlin a 1880, ya yi karatun taurari, sa'an nan ya koma nazarin yanayin sama da iska. Ranar 6 ga Janairu 1912 ya tsaya gaban taron masana duwatsu a birnin Frankfurt ya ce musu nahiyoyi tafiya suke yi. A 1915, bayan an yi masa rauni a Yaƙin Duniya na Farko, ya fitar da littafinsa a kan asalin nahiyoyi da tekuna, ya kuma yi ta sabunta shi har bugu na huɗu a 1929. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, da can dukkan nahiyoyi a dunƙule suke wuri guda, dunƙulen da ake kira Panjiya, watau ƙasa duka, daga baya ya tsattsage kowane yanki ya kama gabansa.

Hujjojin da ya tara sun cancanci a tsaya a kansu, domin har yau ba a rushe su ba. Akwai wata dabba mai kama da ƙaramin kada, tsawonta kimanin mita ɗaya, masana na kiranta Mesosaurus. Ba a samun ƙasusuwanta ko'ina sai a kudancin Afirka da kudancin Amurka, dabba ce kuwa da ba ta da ƙarfin ƙetare babban teku. Akwai kuma wani tsiro, Glossopteris, wanda hoton ganyensa ya daskare cikin duwatsun Indiya da Afirka ta Kudu da Ostareliya da Amurka ta Kudu. Har a Antatika an same shi: lokacin da aka gano gawar Kyaftin Scott da abokansa a Nuwamban 1912, an tarar da duwatsu masu wannan ganye cikin kayan da suka yi ta ja har ajali ya cim musu. Yaya aka yi itace mai ganye ya tsiro a ƙasar da yau ƙanƙara ta lulluɓe? Sa'an nan ga akasin haka. A Indiya da Afirka ta Kudu, ƙasashen rana, akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu masu ɗauke da ƙarce-ƙarcen da tudun ƙanƙara ke bari in ya malala a kansu, kuma duk na zamani ɗaya ne, kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. In aka bar nahiyoyi inda suke a yau, sai a ce ƙanƙara ta mamaye kusan rabin duniya alhali a arewa dazuzzukan zafi suna tsiro suna zama kwal. In kuwa aka tattaro ƙasashen nan wuri guda kusa da ƙuryar kudu ta duniya, sai magana ta daidaita. Game da batun ƙasar da ta nutse kuwa, Wegener ya nuna cewa dutsen nahiya ya fi na gindin teku sauƙi, abu mai sauƙi kuwa ba ya nutsewa cikin wanda ya fi shi nauyi.

Duk da haka manyan masana suka yi masa ca, musamman a Ingila da Amurka. A wani taro da ƙungiyar masana duwatsun man fetur ta Amurka ta shirya a birnin New York a 1926, yawancin masu jawabi suka yi watsi da ra'ayin, wasu har da ba'a. Ba shakka akwai ƙyashi a ciki, don an ɗauke shi bare ne da ya shigo gonar da ba tasa ba. Amma rashin adalci ne a ce ƙyashi ne kurum. Tambayar da suka yi masa mai nauyi ce: wane ƙarfi ne zai tura nahiya sukutum ta keta dutsen gindin teku kamar yadda garma ke keta ƙasa? Wegener ya ce juyawar duniya ce da jan da rana da wata suke yi mata. Harold Jeffreys na Jami'ar Kambirij ya yi lissafi ya nuna wannan ƙarfi bai kai ko kusa ba, kuma gaskiyarsa ne. Bugu da ƙari, Wegener ya dogara da wasu awo marasa inganci ya ce tsibirin Girinlan yana nesanta da Turai da mitoci masu yawa kowace shekara, abin da ya zarce gaskiya ninkin ba ninki. Watau mutumin ya gano abin da ya faru, amma ya kuskure dalilinsa da saurinsa, abokan hamayya kuwa suka kama kuskuren suka jefar da sauran.

Bai rayu ya ga ƙarshen gardamar ba. A 1930 yana jagorantar wata tawagar bincike a Girinlan, ya ɗauki kaya ya nufi wurin abokan aikinsa da ke wani sansani a tsakiyar ƙanƙara, kimanin kilomita 400 daga gaɓa. Ranar 1 ga Nuwamba, ranar da ya cika shekara hamsin, ya juyo tare da wani saurayi ɗan ƙasar, Rasmus Villumsen. Ba su iso ba. A watan Mayun 1931 aka sami gawar Wegener, abokin tafiyarsa ya binne shi da kyau ya kafa alama. Shi Villumsen har yau ba a ga gawarsa ba.

Mutum biyu suka riƙe ra'ayin a shekarun da ya zama abin dariya. Alexander du Toit na Afirka ta Kudu ya je Amurka ta Kudu da ƙafarsa ya gwada jerin duwatsunta da na ƙasarsa, ya wallafa littafi a 1937. Arthur Holmes na Ingila kuwa, tun wajen 1928, ya kawo shawarar cewa zafin cikin ƙasa yana sa dutsen da ke ƙarƙashin ɓawon duniya yana juyawa sannu a hankali, mai zafi ya taso mai sanyi ya nutse, kamar kunu a tukunya, shi ne yake ɗauke da nahiyoyi. Ya yi kusa da gaskiya ƙwarai, sai dai a lokacin babu hanyar gwadawa.

Hanyar ta fito ne daga teku, kuma yaƙi ne ya buɗe ta. Neman jiragen ruwa masu nutso a Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa ya sa gwamnatoci suka zuba kuɗi kan na'urorin auna zurfin ruwa da na auna maganaɗisu. A Jami'ar Kolombiya wata mace, Marie Tharp, wadda ba a yarda ta shiga jirgin bincike ba don ita mace ce, tana zaune a ofis tana mayar da alƙaluman zurfi taswira. A farkon shekarun 1950 ta gano cewa dogon tsaunin da ya ratsa tsakiyar Atlantika yana da tsagaggen kwari a ƙoƙuwarsa. Abokin aikinta Bruce Heezen da fari ya ƙi yarda, sai da aka ga cibiyoyin girgizar ƙasa sun jeru daidai cikin wannan kwari. Daga baya aka gane tsaunin ya kewaye duniya ta ƙarƙashin ruwa, tsawonsa ya haura kilomita 60,000.

Harry Hess na Jami'ar Princeton, wanda ya yi kwamandan jirgin ruwa a lokacin yaƙi, shi ya haɗa zaren a 1962. Ya ce a wannan tsaga ne narkakken dutse yake tasowa ya daskare ya zama sabon gindin teku, yana matsawa hagu da dama, tsohon kuma yana komawa ciki ta ramukan nan masu zurfi na gefen Tekun Pasifik. Ashe nahiya ba keta gindin teku take yi ba, tare suke tafiya, kamar mutum a kan kwalekwale. Da haka tambayar Jeffreys ta rasa gindin zama.

Saura shaida. An riga an san cewa maganaɗisun duniya yakan juya lokaci-lokaci, arewa ta koma kudu, na ƙarshe ya faru kimanin shekara 780,000 da suka wuce, kuma dutse in ya daskare yakan riƙe alƙiblar zamaninsa. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews na Kambirij suka ce, in Hess ya yi gaskiya, dole a sami gindin teku da ratsi-ratsin maganaɗisu, na dama da tsaunin ya yi daidai da na hagu. Wani ɗan Kanada, Lawrence Morley, ya kai ga wannan tunani a shekarar, mujallu biyu suka ƙi buga masa. A 1966 awon da aka yi a kudancin Pasifik ya fito da ratsin nan daidai wa daida, masu musu da yawa suka sauka.

Afirka ta Yamma ta ba da tata shaidar. A 1965 Edward Bullard da abokansa suka sa kwamfuta ta haɗa gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu, ba a bakin ruwa ba, a can inda gefen nahiya yake gangarawa cikin zurfi. Suka haɗu ƙwarai, ɗaya daga wuraren da suka hau juna kuwa shi ne bakin Kogin Kwara, domin laka ce da kogin ya tara bayan rabuwar. A 1967 Patrick Hurley da wasu masana na Amurka da Burazil suka lura cewa kusa da Akra, a Ghana, akwai iyaka tsakanin duwatsu masu shekara wajen miliyan 2,000 a yamma da masu wajen miliyan 600 a gabas. Suka ce in an taɓa haɗe, dole iyakar ta ɓulla kusa da garin São Luís a Burazil. Aka je aka auna, aka same ta a can.

Tsakanin 1965 da 1968 Tuzo Wilson da Dan McKenzie da Jason Morgan da Xavier Le Pichon suka shimfiɗa ra'ayin yadda ake koyar da shi a yau. Ɓawon duniya a fashe yake, manyan farantai guda bakwai da ƙanana da dama, kaurin kowanne wajen kilomita 100, suna zamewa a kan dutse mai zafi da laushi. Inda biyu suka rabu, teku yakan buɗe, kamar Bahar Maliya da ke faɗaɗa tsakanin Afirka da Larabawa. Aman wutar da ya auku kusa da Madina a 1256, watau shekara ta 654 bayan Hijira, wanda malaman tarihin Musulunci suka rubuta, yana da nasaba da wannan yanki mai motsi. Inda suka yi karo, ɗaya ya nutse ƙarƙashin ɗaya ko su tattare su zama tsauni: Indiya ta daki Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, shi ya sa a ƙoƙuwar Dutsen Everest ake samun burbushin halittun ruwa. Inda suka goga juna kuwa, can ne girgizar ƙasa, irin ta Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023 wadda ta kashe mutum fiye da 50,000. Nijeriya da Nijar suna tsakiyar farantin Afirka, nesa da gefensa, shi ya sa irin wannan masifa ba ta cika aukuwa a cikinsu ba.

Amma ƙasar ba ta tsira daga tsagewa ba a zamanin da. Lokacin da Amurka ta Kudu take ɓallewa, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, tsagar ta rabu uku a daidai inda bakin Kwara yake. Reshe biyu suka ci gaba suka zama Tekun Atlantika. Na uku ya nufi arewa maso gabas ya fara buɗewa, sai ya tsaya. Shi ne Kwarin Binuwai, mai tsawon kusan kilomita 1,000, wanda ya rabu biyu wajen Gongola da Yola. Masana da ke aiki a jami'o'in Nijeriya suna cikin waɗanda suka fara bayyana shi haka, musamman Kevin Burke na Jami'ar Ibadan da abokansa a 1971. Ruwan teku ya taɓa shigowa ta wannan kwari ya wuce ta Nijar har ya haɗu da tekun arewa. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Ashaka da Gboko a gindin wannan ruwa ya kwanta, har yau ana tsintar bawon dodon-koɗin teku a cikinsa. Gishirin Awe da Keana, wanda fatake suka daɗe suna saye, daga maɓuɓɓugan wannan kwari yake fitowa. Tsagar kuma ta miƙe ta ƙarƙashin ƙasa zuwa Chadi da gabashin Nijar, man fetur na Doba da aka fara fitarwa a 2003 da na Agadem da aka fara haƙowa a 2011 duk a cikin rassanta suka taru.

A shekarun 1980 aka fara auna tafiyar nahiyoyi kai tsaye daga sararin sama, aka sami Atlantika tana faɗaɗa da santimita biyu zuwa huɗu a shekara, kwatankwacin tsiron farce, wasu sassan Pasifik kuwa sun haura santimita goma. Girinlan tana nesanta da Turai, kamar yadda Wegener ya ce, amma da kimanin santimita biyu. Harold Jeffreys ya rasu a 1989 yana da shekara 97, bai janye musunsa ba.