Matar da ta riga Walter Scott

In ka tambayi ɗalibin adabin Turai wa ya fara rubuta ƙagaggen labari mai tushe a tarihi, zai ce maka Walter Scott ne, mutumin Sikotlan, da littafinsa Waverley na 1814. Masani Georg Lukács ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi a 1937. To amma tun 1785, shekara 29 kafin Waverley, wata mata a birnin Leipzig na Jamus ta fitar da labarin Emma, 'yar Sarki Charlemagne. Sunanta Benedikte Naubert.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, don haka abin da ya fi jan hankalina shi ne tsarin ginin. Naubert takan ɗauko wanda tarihi bai damu da shi ba, ko ta ƙirƙiro shi, ta sa shi a gaba. Sarakuna da yaƙe-yaƙe na gaskiya kuma su koma bayan fage, suna juya rayuwarsa. Da haka mai karatu yake ganin yadda babban al'amari ke faɗa wa ƙaramin mutum. A Thekla von Thurn na 1788, Yaƙin Shekara Talatin ne bayan fagen. Wannan tsari shi ne daga baya aka riƙa yaba wa Scott a kansa.

Me ya sa sunanta ya ɓace? Ta rubuta littattafai fiye da 50, kusan dukkansu babu suna a bango. Masu sharhi suka ɗauka namiji ne, don a ganinsu irin wannan sanin tarihi ba na mace ba ne. Da aka fassara Herrmann von Unna zuwa Ingilishi a 1794, wani Farfesa Kramer aka jingina wa shi. Sai a 1817 aka bayyana sunanta a jarida, ba da son ranta ba. Ta rasu a 1819.

Shi ma Scott ya ɓoye sunansa har 1827. Da ya fito fili, duk abin da ya rubuta ya dawo hannunsa, har aka ƙara masa da kambun farawa. Ita kuwa, a lokacin da aka san ta, littattafanta sun riga sun fara fita daga kasuwa.

A wurin aikinmu, kowane layi da aka rubuta yana ɗauke da sunan mai shi da ranar da ya rubuta. Tarihin adabi ba shi da wannan rajista, shi ya sa kafin mu ce wane ne ya fara, ya kamata mu leƙa littattafan da suka fito babu suna.