Daga Kibiya zuwa Harsashin Kwanso: Tarihin Makamin Maharban Kudancin Kano

Duk maharbin da ya taɓa bin sawun ɓauna ya san tambayar farko a wannan sana'a: da me za a harbe ta? Abin da zai kayar da gada ba zai ko girgiza gwanki ba. Wanda kuwa ya ji wa ɓauna ciwo bai kashe ta ba, ya jawo masifa ga kansa da duk mai bin hanyar dajin. A Turai da Amurka da kudancin Afirka, masu farautar manyan dabbobi kan shafe dare suna gardama a kan lambobi: .308 ko .30-06, 9.3x62 ko .375. Maharbin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa yana da irin wannan gardama, sai dai tasa a kan adaka ce da bindiga mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Akwai dalilin da ya sa hanyoyin biyu suka rabu, kuma tarihi ne mai tsawo.

Zamanin kwari da baka

Kudancin Kano ya fi arewacinta samun ruwan sama, ga duwatsun Riruwai, ga Kogin Kano da rassansa, don haka tun fil azal nan ne dajin ya fi duhu, namun dawa suka fi yawa. Makamin maharbi na asali kwari da baka ne, shi ya sa har gobe ake kiran shugaban maharba Sarkin Baka, ko da kuwa bindiga ce rataye a kafaɗarsa. Ƙarfin kibiya yana ga dafinta. Ana haɗa shi da 'ya'yan ƙwanƙwani, tsiron da gubarsa ke tsayar da zuciya, kowane gida kuma da sirrin haɗinsa da uba ke bar wa ɗa.

Tun a lokacin akwai zaɓi. Maharbi yakan ware kibiyar tsuntsu da ta gada da ta babbar dabba, yakan kuma san yawan dafin da kowace ke bukata. Da yake kibiya ba ta cin dogon zango, rabin sana'ar iya matsowa ne. Nan burtu ya samo asali: maharbi ya ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya duƙa, ya riƙa tafiya yana kaɗa kai kamar mai kiwo a ciyawa, iska na bugun fuskarsa don kada dabba ta sansano shi, har ya kai inda zai saki kibiya.

Shigowar bindiga

Bindiga ta fara shiga Kano ne a matsayin kayan sarauta da yaƙi. Tsohon littafin Tarihin Kano ya ambaci shigo da bindigogi daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Wasu bindigogin ta Sahara suke zuwa, wasu kuma daga bakin teku, inda Turawan fatauci, har da 'yan Denmak da ke da sansani a Ankara ta ƙasar Gana, suke sayar da dogayen bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki. A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi garuruwan kudancin Kano, doki da mashi da kibiya ne har yanzu suka fi yawa a fagen daga. A hankali bindigar ta fita daga fada ta shiga hannun maharba, maƙera kuma suka koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta.

Adaka da sango

Wanda ya ga ana ɗura adaka zai gane dalilin da ya sa maharba suka riƙe ta da daraja. Maharbi zai tsayar da ita a ƙasa, baki sama, ya zuba albarushi, ya tura tsumma, ya sa sandar ƙarfe ya daddaka. Sai ya dubi abin da ya rage na sandar a waje, ya auna da yatsu, ya san ko ɗurin na zabo ne ko na gwanki. In tsuntsu yake nufi, ya zuba ƙananan ƙwayoyi masu watsuwa. In babbar dabba ce, ya sa dunƙulen dalma guda ɗaya ko biyu. Abin da masana'antun Turai ke bugawa a gindin harsashi da lamba, shi a yatsunsa yake.

Giwa kuwa ta fi ƙarfin dalmar adaka, don haka maharban ƙasar Hausa suka haɗa tsohon ilimi da sabo, suka fito da sango: gajeren mashi mai faffaɗan kai, shafe da dafi, wanda ake zura kotarsa a bakin bindiga a harba. Albarushi ya huda fata, dafi ya ƙarasa aiki.

Adaka tana da nata haɗari. Harbi ɗaya take yi, ɗurin na biyu kuma yana cin lokacin da ɓauna mai rauni ba za ta bayar ba, shi ya sa ake mata laƙabi da harba-ka-ruga. Da damina albarushi kan jiƙe ya ƙi tashi. In kuma ɗuri ya yi yawa, ko bututun ya tsufa, sai ta fashe a hannu. Maharba da dama sun rasa yatsu ko ido ta haka.

Inda hanya ta rabu

A ƙarshen ƙarni na 19 aka yi juyin juya hali a harkar bindiga. An riga an haɗa albarushi da dalma da abin kunnawa cikin kwanso ɗaya, sannan a 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya ƙirƙiro albarushi marar hayaƙi, mai tura harsashi da gudu fiye da na da. Amma a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasels, wadda ta taƙaita shigar da bindigogin zamani yawancin Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa tsofaffin bindigogin ɗuri da albarushin kasuwa. Mutanen Bebeji sun ga sakamakon wannan rata da idonsu. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland, a hanyarta daga Zariya, ta fasa ƙofar garin da igwa, ranar 3 ga watan kuma birnin Kano ya faɗa hannunta.

A daidai waɗannan shekaru aka ƙera harsasan da ake gardama a kansu har yau. Otto Bock na Balin ya fito da 9.3x62 a 1905 domin Jamusawan da ke zaune a Afirka. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 a 1912. Bambancinsu kaɗan ne: na farko na jefa ƙwaya mai nauyin giram 18 da rabi da gudun kusan mita 720 a daƙiƙa, na biyu kuma giram 19 da ɗoriya da gudun kusan mita 770. Na Jamus ya fi sauƙin bugun kafaɗa, na Ingila ya fi ƙarfi da nisa, ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka kuma sun mai da shi mafi ƙarancin abin da za a tunkari ɓauna ko giwa da shi. Haka .30-06 na 1906 da .308 na 1952: faɗin ƙwayarsu ɗaya, tsawon kwanso ne ya bambanta, milimita 63 da 51. W. D. M. Bell, Baturen da ya kashe giwaye sama da 1,000, yawancinsu da ƙaramin harsashi 7x57 ya kashe su, domin ya san inda ƙwaƙwalwar giwa take. Darasin nan tsohon maharbin kibiya ya riga kowa saninsa: matso kusa, san makasa.

Doka ta rufe ƙofa

Turawan mulki sun kafa dokar kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963. Dokar bindigogi ta 1959, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta kasa bindiga gida uku. Kashin farko haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, cikinsu har da bindigogin soja masu cin harsashin milimita 7.62 da 9 da inci .300 da .303. Na biyu su ne na farauta, masu bukatar lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bai wa lasin. Talakan maharbi ya tsaya a kashi na uku, mai ɗan hali ya sayi mai baki ɗaya ko biyu. Zaɓinsa ya koma tsakanin harsasan kwanso masu kama da juna a ido: BB mai ƙananan ƙwayoyi na zabo da zomo, AAA na gada, SG mai manyan ƙwayoyi kamar tara na mazo ko gadu. Dukansu ba sa aiki mai kyau in an wuce taku arba'in.

Dajin da ya rage

A shekarun 1940 aka keɓe dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji na Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000 a ƙasar Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, yana iyaka da gandun Lame-Burra na Bauchi. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo noman rani da albarka mai yawa, ta kuma ƙara jama'a a gefen dajin. Gonaki suka matso, masu gawayi da masu itace suka shiga, shanu suka cika fadamu, fitilar goshi ta mai da farautar dare abu mai sauƙi. Daga baya ɓarayin shanu suka mai da Falgore mafaka, har sai da sojoji suka shiga. Yau wanda ke son ganin garken giwa a Arewa sai ya nufi Yankari.

Da nama ya yi ƙaranci, maharban kudancin Kano suka riƙa nausawa Kudu. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, yawancinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida bikin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Makamin da ya ciyar da gidaje shekara da shekaru ya zama abin zargi a kan hanya.

Wannan tarihi ya ɗora nauyi a kan kowa. Hukuma ta sauƙaƙa rajistar maharba da lasin bindigoginsu, ta yadda mai sana'a zai bambanta da ɗan ta'adda a duk inda aka tare shi. Sarakunan Baka su farfaɗo da ƙa'idojin gado, na barin mai ciki da mai shayarwa da dakatar da farauta lokacin haihuwar dabbobi. Gwamnatin Kano kuma ta ɗauki 'ya'yan maharban Doguwa da Tudun Wada aikin gadin Falgore da albashi, domin babu wanda ya kai su sanin sawu da mashaya. Gwanki da ɓauna suna iya dawowa in aka ba su shekaru na kwanciyar hankali, kuma maharban yankin ne suka fi kowa cancantar a damƙa wa wannan amana.