Garmaho a Kasuwa: Tarihin Tallarsa da Farashinsa, 1877 zuwa 1929

1.0 Gabatarwa

Kalmar garmaho tana cikin kalmomin aro da suka zauna daram a Hausa, har ta haifi faifan garmaho da allurar garmaho. Amma kafin akwatin ya iso ƙasar Hausa, sai da ya yi shekaru ana fafatawa a kansa a kasuwannin Amurka da Ingila. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka tallata shi da yadda aka yanka masa farashi, sa'an nan ta nuna cewa sunan da Hausawa suka ba shi shaida ne a kan wanda ya ci kasuwar.

2.0 Daga Abin Kallo zuwa Kayan Ofis

A shekarar 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ya kira fonogiraf, wadda ke tsaga sauti a jikin siririn fallen kuza da aka naɗe a kan ƙarfe mai siffar gwangwani. Fallen ba ya jure maimaici, saboda haka kuɗin farko da na'urar ta jawo kuɗin kallo ne, watau a tara jama'a a zaure su biya su ji ƙarfe yana magana. A 1878 Edison ya lissafa amfani goma da yake hange mata. Shiftar wasiƙu ya sa a farko, kiɗa ya zo na huɗu, kuma a ciki har da adana harsuna ta hanyar ɗaukar ainihin lafazin masu su.

Bayan da aka maye gurbin kuza da kaki, wani attajiri mai suna Jesse Lippincott ya kafa kamfanin North American Phonograph a 1888. Shi haya ya riƙa bayarwa ga ofisoshi a kan dala 40 a shekara, a matsayin na'urar shifta. Ofisoshin ba su karɓe ta ba, kuma kamfanin ya karye a 1894. Inda riba ta ɓullo wani wuri ne dabam. A watan Nuwamba na 1889 Louis Glass ya girka wata na'ura a wata mashaya a birnin San Faransisko, wadda mutum zai jefa santi biyar ya sa bututun roba a kunne ya ji waƙa. Daga nan 'yan kasuwa suka gane cewa nishaɗi jama'a ke son saye.

3.0 Karyewar Farashi

A farkon shekarun 1890 kuɗin na'urar ya kai wajen dala 150, a zamanin da ma'aikacin masana'anta bai cika samun dala 10 a mako ba. Abin da ya karya farashi shi ne injin da ake wanawa da hannu kamar agogo, wanda ya raba ta da batir mai tsada da wuyar sha'ani. A 1896 Edison ya fito da samfurin Home a kan dala 40. A 1897 kamfanin Columbia ya mayar da martani da samfurin Eagle a kan dala 10. Edison ya biyo da Standard a kan dala 20 a 1898, sa'an nan da Gem a kan dala 7 da santi 50 a 1899. Cikin shekara goma abin da a da sai attajiri ya koma abin da albashin mako guda zai iya saye.

Akwai hikima a cikin wannan araha. Akwati sau ɗaya ake sayensa, amma gwangwanin kaki, wanda waƙar cikinsa ba ta wuce minti biyu ba, kullum sai an ƙaro. Ana sayar da kowanne santi 50, daga baya ya sauko zuwa santi 35 bayan da aka fara zuba shi a mazubi a 1902. Ke nan duk akwatin da ya shiga gida ya ɗaure maigidan da kamfanin.

4.0 Faifai da Sayar da Daraja

A 1887 Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya yi rajistar wata na'ura da ya kira giramafon, mai amfani da shimfiɗaɗɗen faifai. Faifai ya fi gwangwani sauƙin bugawa da yawa da sauƙin ajiya. A kansa aka kafa kamfanin Gramophone a Landan a 1898, da kamfanin Victor na Eldridge Johnson a Amurka a 1901. A 1899 kamfanin na Landan ya sayi zanen Francis Barraud na wani kare yana sauraron ƙahon garmaho a kan fam 100, wanda ya zama tambarin His Master's Voice.

Victor ya bi hanyar da ta saɓa wa ta masu rage farashi, kamar ya san karin maganar nan da ke cewa araha ba ta ado. Bayan da Fred Gaisberg ya ɗauki muryar mawaƙi Enrico Caruso a Milan a 1902, sai Victor ya jawo manyan mawaƙan ofera, ya riƙa fitar da fayafayansu da jan tambari a kan kuɗi mai tsoka. Wani faifai na mawaƙa shida da ya fito a 1908 dala 7 aka sa masa, kusan kuɗin akwatin Gem sukutum. Har ila yau, a 1906 kamfanin ya fito da Victrola a kan dala 200, inda aka ɓoye ƙahon a cikin kabad na katako mai sheƙi, domin matan gida su karɓe shi a matsayin kayan ɗaki. Da sunan ya kafu, sai aka sauko da shi mataki-mataki, har a 1911 aka sami ƙaramar Victrola ta dala 15. Dillalai kuma suka buɗe ƙofar biya da kaɗan-kaɗan.

Kamfanonin ba su bar wa dillalai ikon ciniki ba. Victor ya riƙa manna takarda a jikin kowane akwati cewa lasisin amfani kawai aka bayar, don haka ba mai ikon karya farashi. Masu kantin Macy's na birnin Niyok suka ƙi, magana ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda a 1917 ta yanke cewa wannan dabara sayarwa ce da aka sake wa suna.

Shi kuwa Edison, da ya ga faifai ya rinjaya, sai ya fito da nasa a 1912. Daga 1915 ya shiga shirya tarukan gwajin murya: mawaƙi ya tsaya kusa da akwati suna rerawa tare, a wani lokaci a kashe fitila, a bar jama'a su bambance wane ne ke waƙa.

5.0 Faɗuwar Kasuwa

Rediyo ce ta kawo ƙarshen wannan zamani, domin ta kai waƙa gida ba tare da sayen faifai ba. A 1925 Victor ya karyar da tsofaffin akwatunansa a kan rabin kuɗi don ya buɗe wa sabon samfurin Orthophonic hanya. A 1929 kamfanin rediyo na RCA ya saye Victor, kuma a shekarar ce Edison ya daina yin fayafayai.

6.0 Kammalawa

A daidai wannan lokaci ne kamfanonin Ingila suka mai da hankali ga Afirka ta Yamma. Daga 1927 tambarin Zonophone, mallakar kamfanin Gramophone, ya ɗauki waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a Landan cikin harsuna da dama, har da Hausa, don a sayar da su a ƙasashensu. Dabarar dai ita ce ta dā: wanda ya ji harshensa a faifai zai nemi akwati. Da yake a Ingila sunan giramafon ne ya zama gama-gari, shi Hausawa suka ji a bakin Turawa suka mayar garmaho, fonogiraf na Edison kuwa bai bar wata alama a harshen ba. Abin da ake ɗorawa a kai suka kira shi faifai, don kamarsa da faifan rufe ƙwarya, abin da ke nuna cewa faifai ne ya yaɗu a nan, ba gwangwanin kaki ba. Amma ya yi wani aikin dabam: da shi Northcote Thomas ya ɗauki muryoyi da waƙoƙi a kudancin Nijeriya tsakanin 1909 da 1913. Wannan shi ne adana harsunan da Edison ya hango a 1878, kuma irin waɗannan taskoki suna jiran masu nazarin lafazi da waƙar baka su waiwaye su.