Hazo da ƙura a tarihin Maraɗi

Manomin ƙasar Maraɗi yana raba shekara gida biyar: damana, kaka, ɗari, rani da bazara. Kowane lokaci da irin iskarsa. Akan yi amfani da kalmomin hazo da ƙura kamar abu guda ne, alhali tarihin garin ya nuna asalinsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma haka.

Hazo baƙo ne. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas takan ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta faɗa kwarin Bodele na ƙasar Cadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun shekaru dubbai. Can take kwasar farar ƙasa mai laushi kamar gari, cikin ƴan kwanaki ta lulluɓe Damagaram, Maraɗi da Kano. Rana ta dusashe, leɓe ya tsage, tari ya yawaita.

Daga ɗari zuwa bazara ne kuma sanƙarau yake ɓulla, ya lafa da saukar ruwa. A shekarar 1963 likitan nan Bafaranshe Léon Lapeyssonnie ya zana iyakokin yankin da cutar ta fi addaba, kudancin Nijar yana tsakiyarsa. Masana sun nuna busasshiyar iska mai ɗauke da hazo tana raunana hanci da maƙogwaro, har ƙwayar cutar ta samu ƙofar shiga jini. Nijar ta sha babbar annoba a 1995. A 1996 zuwa 1997 mutum fiye da 250,000 suka kamu a yankin baki ɗaya, wajen 25,000 suka rasu. Allurar MenAfriVac da aka soma a 2010 ta karya lagon nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya yi ɓarna, musamman a Yamai.

Ita kuwa ƙura ƴar gida ce. Tsohon garin Maraɗi a cikin fadamar gulbi yake, tsakanin itatuwa, tun lokacin da sarakunan Katsina suka zauna nan bayan jihadi. Ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka mai da gari bisa tudu mai rairayi. A wannan zamani noman gujiya yana ta bunƙasa, ana sassabe daji ana faɗaɗa gonaki. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 ta ƙara dagula al'amari, don ta sa itatuwa irin su gawo ƙarƙashin ikon hukuma. Manomi ya ga iccen da ya bari a gonarsa ba shi da iko da shi, tara ma yake iya jawo masa, sai ya riƙa kawar da shi tun yana toho.

Da fari ya zo, daga 1968 zuwa 1974, sa'an nan a 1984, ƙasa ta riga ta zama tsirara. Iskar da take gabatar da ruwan farko sai ta tashi da rairayin gonaki, ta yanke hatsin da ya tsiro ko ta binne shi. Manomi yakan yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama, mutanen gari kuma su shaƙi abin da gona ta rasa.

A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi. A daidai wannan lokaci Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, tare da manoman karkarar Maraɗi, suka soma abin da aka sani da sassaben zamani: a bar kututture ya toho, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran. Dokar 2004 ta amince da haƙƙin manomi bisa itatuwan gonarsa. Binciken da aka yi da hotunan sama ya ƙiyasta itatuwa kamar miliyan 200 bisa hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Inda itatuwa suka komo, ƙarfin iska a gona ya ragu, maimaita shuka ya yi sauƙi.

Darasin da ke nan ga masu tsara littattafan yaƙi da jahilci a fili yake. Hazo ba ya hanuwa, sai dai a yi masa shiri: allurar rigakafi, rufe hanci, da gaggauta kai yaro likita in zazzaɓi ya zo da sandarewar wuya. Ƙura kuwa hannun mutum ne ya tashe ta, hannunsa kuma ya soma kwantar da ita. Littafin da ya gama su cikin kalma guda zai koya wa mai karatu dangana a wurin da aiki ya kamata. Harshe ya riga ya raba su, saura rubutu ya bi sawunsa.