Wa Ke Riƙe Da Akalar Ƙungiyar Malaman Jami'a?

Wani mai saurarenmu, manomi kuma falken masara daga Mairuwa cikin ƙaramar hukumar Faskari, ya rubuto yana cewa shi ya sayar da hatsi ya kai ɗansa jami'a, amma a 2022 yaron ya yi wata takwas a gida saboda yajin aikin malamai. Yana tambaya, shin wa ke ba da wannan umurni, kuma ina ruwan malaman makaranta da maganar haƙƙin ɗan Adam?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya yi wa yaro albarka. Ita wannan ƙungiya, ASUU, an kafa ta a 1978. Kowace jami'ar da ke cikinta tana da reshe, kamar reshen Ahmadu Bello ta Zariya da na Bayero ta Kano. Malaman reshe su ke zaɓen shugabansu. Shugabannin rassan nan, tare da shugabannin ƙasa, su ne majalisar zartaswa. Sama da ita akwai babban taron wakilai, inda ake zaɓen shugaban ƙasa baki ɗaya. Kuɗin tafiyar da ita kuwa daga albashin 'ya'yanta ake cira.

Saboda haka shugaba ba ya wayar gari ya ce a rufe aji. Sai an kai maganar kowane reshe, malamai su tattauna su faɗi ra'ayinsu, sannan majalisar zartaswa ta tara abin da aka samu ta yanke. Haka ma in za a janye. Shi ya sa yajin ke da wuyar farawa, kuma ke da wuyar ƙarewa.

Batun haƙƙi kuwa, tarihi ya jawo shi. A watan Mayu na 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a jami'ar Zariya, malamai suka ƙi yin shiru. Gwamnatin Janar Babangida ta raba ƙungiyar da uwar ƙungiyar ƙwadago. A 1988 aka kori Patrick Wilmot, malami a Zariya, daga ƙasar, kuma a shekarar aka haramta ƙungiyar, aka tsare shugabanninta. Shugabanta a lokacin shi ne Dakta Attahiru Jega na Bayero, wanda ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. An ɗage haramcin a 1990, aka sake ɗorawa a 1992, amma duk da haka sai da gwamnati ta zauna da su, aka sa hannu a yarjejeniya ran 3 ga Satumba na 1992. Me ya sa haramci bai kashe ta ba? Don ƙarfinta yana rassa. In an kama shugaba, rassan na nan.

Daga wannan yarjejeniya aka sami harajin ilmi na 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a lokacin, wanda a 2011 ya zama asusun TETFund mai gina azuzuwa da ɗakunan gwaji.

A Amurka ma, a 2009, ƙungiyoyin masana kimiyya sun haɗa gamayya don kare haƙƙin ɗan Adam, inda kowace ƙungiya ke tura wakilanta majalisa, sannan ƙaramin kwamiti ya riƙe aiki.

Sai dai Malam, kukanka yana kan hanya. A duk wannan tsari babu kujerar uba, babu ta ɗalibi, alhali su ke ɗaukar asarar watanni. In kuna da ƙungiyar manoma a Mairuwa, ku duba abu biyu: kada shugaba ya yanke magana shi kaɗai, kuma ku ji ta bakin wanda shawararku za ta shafa.

Allah ya sa mu dace. Sai mun ji daga gare ku.